Aiki nan take, koyon sana'a ko jari: wanne ya fi wa mai karɓar tallafi a Kano?

Da wuya ka shiga unguwa a cikin Kano, Kurna ce ko Ɗorayi ko Sheka ko Brigade, ka rasa gidan da sunansa ya shiga rajistar masu tallafi, kuma a gidan akwai mai ƙarfi a jika wanda karatunsa bai yi nisa ba. Wani a firamare ya tsaya, wani allo kaɗai ya yi, wata daga aji uku na sakandare aka yi mata aure, yanzu ta dawo gida da 'ya'ya biyu. Duk ranar da ɗan kuɗi ya shigo, na gwamnati ne ko na zakka ko na wani ɗan'uwa da Allah ya buɗa wa, sai a zauna shawara: a nema masa aiki ya fara kawo wani abu gobe, ko a kai shi ya koyi sana'a, ko a damƙa masa jari? Masu wannan zama nake yi wa magana, uba ne ko yaya ko kwamitin unguwa, da shi kansa mai tallafin.

A fara sanin girman kuɗin da ake magana a kai. Shirin da gwamnatin Buhari ta fara a 2016 naira 5,000 ne a wata ga gida guda, ana haɗa na wata biyu a biya. Ayyukan wucin gadi na 2021, da aka ce mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 ne a wata har wata uku. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, gwamnatin Tinubu ta yi alƙawarin naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. Babu ɗaya a cikinsu da zai riƙe gida, don haka zancen cewa tallafi yana sa mutum ya miƙe ƙafa ya ƙi nema ba zancenmu ba ne. Talakan Kano yana nema tun asuba, abin da yake samu ne ba ya isa. Kuma kuɗin ba shi da rana: an dakatar da N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, a watan Oktoban 2023 alhali matasa suna bin bashin watanni, aka kuma dakatar da sauran shirye-shiryen na wani lokaci a watan Janairun 2024. Duk hanyar da za ku zaɓa, kada ku gina ta a kan cewa alat zai shigo ranar kaza.

Hanyar farko, aiki nan take, ita ce wadda zuciya ta fi saurin karkata gare ta, domin yunwa ba ta jira. A Kano, aikin da marar takarda zai samu cikin mako guda sananne ne: kamfanonin roba da buhu da fata da shinkafa a Sharaɗa da Chalawa da Bompai da hanyar Haɗeja, leburancin gini, dako a Singa da Dawanau, gadi, tsaron shago, tuƙin adaidaita sahu. Alherinsa a fili yake. Kuɗi na shigowa tun makon farko, mutum ya saba da fita a kan lokaci, ya san mutane, a gida ma a daina kallonsa a matsayin mai zaman kashe wando. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga saurayin da ya shekara biyu a bakin layi.

Manyan ƙasashe sun gwada wannan hanya da ƙarfin doka. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ce mai karɓar tallafi a Amurka sai ya yi aiki, kuma tallafin tarayya ba zai wuce shekara biyar ba a tsawon rayuwarsa. Zuwa shekarar 2000 masu karɓa sun ragu da fiye da rabi, iyaye mata marasa miji da yawa suka shiga aiki. Jamus ta bi sahu a 2005 da gyaran da ake kira Hartz IV, lokacin marasa aikin yi sun haura miliyan biyar, kuma zuwa 2019 sun koma ƙasa da rabin haka. Masu son a ce kowa ya tashi ya yi aiki suna yawan kafa hujja da waɗannan biyun. Abin da ba sa faɗa shi ne, a Amurka ta wancan lokaci kamfanoni ne ke neman ma'aikata ruwa a jallo, rashin aikin yi ya sauka zuwa wajen kashi 4 cikin ɗari, gwamnati kuma tana ƙara wa mai ƙaramin albashi kuɗi ta hanyar haraji. A Jamus kuwa ayyuka masu ƙaramin albashi suka yawaita har sai da aka kafa mafi ƙarancin albashi a 2015, sannan a 2019 kotun tsarin mulki ta hana a yanke wa mutum fiye da kashi 30 na tallafinsa don horo. Mu a nan, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 na masu aiki ba su da ubangida mai rajista ko takardar ɗauka. Ƙofar da aka tura Ba'amurke ya shiga, mu ba mu da ita da faɗi haka.

Gwajin da ya fi kama da halinmu a Habasha aka yi shi. Masana biyu, Christopher Blattman da Stefan Dercon, sun bi sawun kusan mutum dubu da suka nemi aikin da ba ya buƙatar ƙwarewa a kamfanoni biyar. Aka yi ƙuri'a: wasu aka ba su aikin, wasu aka ba su dala 300 da horon kasuwanci na 'yan kwanaki, wasu aka bar su su nemi na kansu. Kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka shiga kamfani sun bari tun watan farko, kafin shekara kuwa kashi 77 cikin ɗari sun tafi. Waɗanda aka ba aikin ba su fi waɗanda aka bar su su nemi na kansu samu ba, ga shi matsalar lafiya ta ƙaru a cikinsu saboda hayaƙi da sinadarai. Duk wanda ke da ƙani a kamfanin roba, mai tsayuwar awa goma sha biyu a gaban injin, ba zai yi mamakin wannan ba.

Akwai kuma batun doka, wanda ya kamata kowa ya sani kafin ya tura ɗansa. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, gwamnatin Kano ta sa na ma'aikatanta 71,000. Sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan wanda ake biya da la'ada ko gwargwadon abin da ya yi. Ga kuma 'yan kazuwal da ake ɗauka ta hannun ɗan kwangila, waɗanda sau da yawa ko takarda ɗaya ba sa gani, alhali dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku, wata dokar ta 2010 kuma ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. A tambayi waɗannan tun ranar farko. Sannan a zauna da biro a cire kuɗin mota zuwa da dawowa, a cire abincin rana. Litar fetur da take ƙasa da naira 200 kafin Mayun 2023 ta haura dubu a ƙarshen 2024, kuma mai zuwa Chalawa daga Rijiyar Lemo shi ya fi kowa sanin abin da hakan ya yi wa albashi. Abin da ya rage bayan lissafin, shi ne ainihin albashin.

Adaidaita sahu tana da nata lissafin. Ba ta buƙatar jari idan ta haya ce, kuɗi kuma kullum ne. Amma kafin direba ya ga nasa sai ya cire balas ɗin mai mashin, ya cire fetur, ya cire haraji, ranar da ya yi karo da 'yan KAROTA, jami'an kula da zirga-zirgar ababen hawa, kuma ta tafi a banza. Shekara biyar a kanta ba ta ƙara wa mutum wata ƙwarewa da za a biya shi da tsada. Kuma sana'a ce da sanarwa ɗaya ke iya rufewa: a watan Janairun 2013 aka wayi gari an hana acaɓa a birnin nan, dubban magidanta suka rasa abin yi. In dai za a shiga, a shiga da yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan har mashin ya zama nasa, a rubuce, da shaidu.

Ba duk aikin nan take ne ɗaya ba, kuma nan ne nake ganin ake yawan asara. Lebura mai miƙa wa magini kwaɓi ko mai bin mai tayil da guga yana kallon sana'a da idonsa kullum, ana kuma biyansa. Mai ɗinke bakin buhu a kamfani ko mai gadin dare ba ya kallon komai. Idan albashin biyun ya yi kusa, na farkon ya fi, ko da ya fi wahala.

Hanya ta biyu, koyon sana'a, ita iyayenmu suka fi yarda da ita, kuma bincike bai ƙaryata su ba, sai dai ya ce a yi haƙuri. A jihar Kalifoniya, a ƙarshen shekarun 1980, gundumar Riverside ta yi suna da tura masu tallafi aiki kai tsaye, samunsu ya tashi da wuri, har aka riƙa kwaikwayonta. Da aka koma bayan shekara tara aka duba, sai aka ga gundumomin da suka fifita karatu da horo sun kamo ta. Birnin Portland, wanda ya haɗa biyun, yana duba kowa da halinsa yana kuma ce masa ya jira aiki mai kyau, shi ya fi kowa sakamako cikin shekara biyar. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje sama da 200 ya zo da magana iri ɗaya: horo ba ya nuna amfaninsa a shekarar farko, sai a ta biyu da ta uku. Nazarin ya kuma nuna cewa ayyukan wucin gadi na gwamnati, irin sharar titi da yasar kwata na wata uku, da wuya su kai mutum ga aiki mai ɗorewa. A karɓe su in sun zo, a ci abinci da su, amma kada a ɗauke su hanya.

Tsadar koyon sana'a ba kuɗin rajista ba ne. Tsadarta watannin da mutum zai yi ba ya kawo komai gida. Wa zai ciyar da shi? Wa zai ba shi kuɗin mota? Yaran da ke gudu daga garejin kanikanci a wata na huɗu, akasarinsu ba lalaci ya kore su ba, gida ne ya kasa jira. A ganina nan ne ɗan tallafin ya fi amfani a duk inda za a sa shi: a ware shi ya zama kuɗin mota da abincin mai koyo, a raba shi mako-mako ta hannun wanda aka amince da shi.

Sai zaɓi tsakanin oga da cibiya. Wajen oga, a Ƙofar Ruwa ko Farm Centre ko shagon walda na bakin titi, yaro yana taɓa aikin gaske na mai kuɗi na gaske, yana sanin inda ake sayen kaya da sauƙi, yana sanin kwastomomi, wani lokaci har da ɗan na abinci. Illarsa ita ce babu tsari. Yaro zai iya shekara yana aike da wanke sifana, oga yana ɓoye masa sirrin aikin don kada ya zama kishiya, ranar yaye kuma ba a sa ta ba. Cibiya, irin ta hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa (NDE) da ta asusun horar da ma'aikata (ITF) da cibiyar koyon sana'a ta Dangote da ke hanyar Zariya, tana da manhaja da wa'adi da takarda, amma mutum na iya fitowa bai taɓa yin ciniki da kwastoma ba. A Yuganda an gwada biyun gefe da gefe, wata shida a makaranta da wata shida a wajen mai sana'a. 'Yan wajen oga sun riga samun aiki, amma da shekaru suka tafi 'yan makaranta suka wuce su, domin suna da takardar da za su nuna wa sabon ubangida idan sun bar na farko. Darasin a wurinmu mai sauƙi ne: a koya wajen oga, amma a sa yaron ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ya karɓi shaidarsa. Da ita zai nemi aiki a kamfanin gini ko asibiti ko otal inda ba a san ogansa ba.

Akwai nau'i na uku da nake roƙon a yi hattara da shi, wato horon mako biyu na haɗa sabulun ruwa da man shafawa da turaren ɗaki, wanda ake rufewa da taro da hotuna da rabon kekunan ɗinki. Mata ɗari a unguwa ɗaya sun koyi abu ɗaya a rana ɗaya, wa zai saya a hannun wa? Ba laifin matan ba ne idan keken ya ƙare a kasuwa. Kafin a zaɓi sana'a, a zaga unguwa a ƙirga masu yinta. Teloli sun yi yawa, kuma cinikinsu na Sallah da bukukuwa ne. Mai gyaran famfo da mai wayarin da mai haɗa sola da mai gyaran firji da mai tayil kuwa, wanda ya iya da gaske, sai an yi masa waya sau uku kafin a same shi, domin gari yana ta faɗaɗa kuma wutar lantarki ba ta tsayawa.

Wani abu da ake jin kunyar faɗa: wanda bai iya karanta tef ɗin awo ba, bai iya rubuta lissafin kaya ba, zai daɗe yana yaron wani ko da hannunsa ya iya aiki. Kano ce ta kafa hukumar ilimin manya tun 1980 zamanin Abubakar Rimi, har ta samu lambar yabo ta UNESCO, kuma azuzuwan yaƙi da jahilci ba su ƙare ba. Wanda ya yi allo ya riga ya san zaman karatu da hadda, boko na lissafi da rubutu ba zai ba shi wuya ba. Awa ɗaya da yamma, tare da koyon sana'ar.

Hanya ta uku ita ce jari, kuma ita ta fi saurin nuna riba da saurin narkewa. A gwajin Habasha, waɗanda aka ba dala 300 samunsu ya ƙaru da kashi 33 cikin ɗari a shekarar farko, amma bayan shekara biyar sauran sun kamo su. A arewacin Yuganda ma haka: matasan da aka ba jari a ƙungiyance sun fi takwarorinsu samu bayan shekara huɗu, bayan shekara tara tazarar ta rufe. Wannan ba ya nufin jarin bai yi amfani ba, domin shekarun da aka ci aka sha aka sa yara a makaranta ba a banza suka tafi ba. Yana dai nufin jari yana gaggauta wa mutum isa inda da ma zai iya isa, ba ya ƙirƙirar sana'ar da babu ita. Matar da ta shekara tana soya awara ko ƙuli-ƙuli da kaskon aro, ko mai ɗinkin hula da ke karɓar zare bashi, ko saurayin da ya gama koyon walda ya rasa injin, su ne jari ke ɗagawa. Wanda bai taɓa sayar da ko ashana ba, in aka ba shi naira 75,000 ya buɗe tireda, makwabta za su cinye ta da bashi kafin wata uku.

Maƙiyan jari a gidan talaka sanannu ne: cefane, rashin lafiyar yaro, biki, da ɗan'uwan da ya ji labarin kuɗin. Ga hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, ta yadda mai sayar da mudu goma yau kuɗinsa ba zai sake sayo goman ba. A Gana an gwada ba mata masu ƙananan sana'o'i tsabar kuɗi da kuma saya musu kayan sana'a kai tsaye, aka ga kayan sun fi tsayawa a cikin kasuwancin. Don haka in za ku taimaki 'yar'uwa, ku raka ta Singa ko Kwari ku saya mata kayan, ko ku sayo injin markaɗen ku kai mata gida. Ba rashin yarda ba ne, kāre ta ne daga roƙon da ba za ta iya cewa a'a gare shi ba.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa daga maƙwabtanmu ya fito. A Jamhuriyar Nijar, matan da ke karɓar sefa dubu goma a wata daga gwamnati, a jihohin da suka haɗa da Maraɗi da Damagaram da Tawa, an haɗa su ƙungiyoyin adashi, aka ba su mai bibiya da horon kasuwanci, wasu aka ƙara musu jari dunƙule, wasu kuma aka tara mazajensu da dattawan gari aka tattauna a kan sana'ar mace. Bayan shekara ɗaya da rabi cinikinsu da abincin gidajensu sun ƙaru sosai, kuma ɓangaren da aka yi zama da jama'ar gari, duk da arharsa, ya yi tasiri ƙwarai. Waɗannan mata ne masu harshenmu da addininmu da irin zaman gidanmu. Kwamitin unguwa ko na masallaci da ke raba zakka zai iya kwaikwayon wannan ba tare da jiran kowa ba: mata goma, adashin mako, mutum ɗaya mai duba littafi, da zama da mazajen tun kafin a raba kuɗin.

To, wa ya kamata ya bi wace? Saurayi ko budurwa da ba su kai 25 ba, waɗanda akwai tukunyar da za su ci a cikinta ko ba su kawo komai ba, koyon sana'a ya fi musu, kuma zan ce kuskure ne babba a tura irin wannan yaro kamfani saboda albashin da zai ƙare a mota. Magidanci mai iyali ba shi da wannan sararin. Ya kama aikin da ya samu, ya fifita wanda ke kusa da masu sana'a, ya shiga adashi tun albashin farko, ya kuma sa wa kansa wa'adin fita, wata goma sha biyu ko goma sha takwas, da abin da zai saya ranar da ya kwashi adashin. Bazawara ko matar aure mai ƙananan yara, wadda fita Sharaɗa da asuba ba za ta yiwu mata ba, jari a kan abin da hannunta ya riga ya iya, cikin ƙungiya. Dattijo da mai lalurar da ta hana shi aiki kuwa, tallafinsu na ci ne da magani, kada a ɗora musu sharaɗin da ba za su iya ba don a ce an koya musu dogaro da kai.

Idan shawara ta tsaya a kan oga, kada a miƙa yaro a bakin shago a juya. Uba ko yaya ya je da kansa, da mai unguwa ko wani dattijo, a zauna a yi magana a fili: shekara nawa, me zai iya a ƙarshen wata shida, ana ba shi na abinci ko daga gida za a ba shi, wa zai biya magani in ya ji ciwo, kuma ranar yaye da kayan aiki za a sallame shi ko da addu'a kaɗai. A tambayi ogan yara nawa ya yaye da inda shagunansu suke, sannan a je a gan su.